Gishirin Inna Ige

Ku da aka ɗauka bana, na ga kowa ya rataya katinsa a wuya, an ba ku riga mai aljihu huɗu da kwamfutar hannu, kuna ta ɗaukar juna hoto a jikin mota. Jiya har ɗayanku yake ce mini wai aikin bincike ba wuya, tambaya ce ka yi, a ba ka amsa, ka danna. To, ku gyara zama. Na haura shekara ashirin ina wannan aiki tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, kuma har yau ban ga amsar da ta zo a miƙe ba.

Ina ma'aikaciyar lafiya a asibitin garinmu lokacin da likitocin asibitin koyarwa suka fara zuwa daga birni suna neman wanda zai shiga musu ƙauyuka. Aka haɗa ni da Sista Tumba, wata tsohuwar nas gajera, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba amma kowa na tsoronta. Ranar farko a Morai, muna shiga wani gida na zaro takarda na ce wa matar gidan, "Shekarunki nawa?" Sista Tumba ta karɓe takardar daga hannuna, ta shimfiɗa a kan tabarma, ta zauna a kanta. Sannan ta fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya mai gida, ya yara, ya ruwa, ya geron bana, ya mai jikin da aka ce yana kwance a maƙwabta. Sai da aka kawo fura muka sha, sannan ta ɗaga ta miƙo mini takardata a yamutse.

Shekarun ma ba a tambayarsu haka. In kin ce shekarunki nawa, za a ce miki Allah ya sani, kuma gaskiya ne. Sista Tumba sai ta ce, "Lokacin da anka tare ruwan Bakolori, kina goye ko kina talla?" Daga nan ake lissafi.

A wannan gidan ne na yi tambayar da har yau ake yi mini dariyarta. Takardar ta ce a tambayi mutum sau nawa yake motsa jiki a mako. Matar ta ce ita ba ta motsa jiki, ina ta ga lokaci, daga daka sai rijiya, daga rijiya sai kai abinci gona. Na rubuta babu. Sista Tumba ta leƙa, ta miƙo mini taɓarya ta nuna mini turmi. Ban kai minti biyar ba na ajiye ina haki. Ta ce, "To, gyara amsarki."

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: abin awon jini, sikeli, kula mai ƙanƙara, tawadar dangwale, da jarkoki. Kowanne da irin fitinarsa. Abin awon jini, mutane sun ɗauka shi kansa magani ne. Akwai wani dattijo a Maradun da duk ranar kasuwa sai ya nemo ni in matse masa hannu, wai tun da na fara matse shi ciwon gwiwarsa ya tafi. Sikeli kuwa in kika juya baya kin tarar an ɗora masa buhun gyaɗa. Abin da ya fi duka wuya shi ne dokar da ta ce mutum ya zauna shiru na minti biyar kafin a auna shi. Ku je ku gwada sa Bamafariya ta yi shiru minti biyar alhali ƙawarta na zaune a gefenta.

Jarka kuma, wannan sai wanda ya yi. In ana son a san yawan gishirin da mutum ke ci, fitsarinsa ake tarawa na yini da kwana, daga asubar yau zuwa asubar gobe, ko ɗigo kada ya tafi ƙasa. Ki tsaya gaban magidanci mai furfura, sa'an mahaifinki, ki miƙa masa jarka ki yi masa wannan bayani ba tare da kin kalli idonsa ba. Wani Alhaji ya dawo mini da tasa wayam, ya ce, "Malama, da na ga jarkar sai abin ya ƙi zuwa." Wani kuma ya kawo tasa cike har wuya, da ƙyar murfin ya rufu. Na ce, "Baba, kai kaɗai?" Ya ce nasa bai taka kara ya karya ba, ya ga abin kunya ne a kai birni a ce daga gidansu ya fito, shi ne ƙannensa biyu suka taimaka.

Da na yi hankali, da tun daga wannan jarkar na gane irin mutanen da nake aiki da su. Ban gane ba sai a shekarar gishiri.

Asibitin koyarwa ya yi haɗin gwiwa da wata jami'a ta ƙasar waje a kan hawan jini. Akwai wani irin gishiri da aka rage masa abin da ke tayar da jini, aka sa wani abu a madadinsa, ana son a ga ko zai taimaki mutanenmu. Jagoran aikin a nan Dakta Sanusi ne, matashin likita mai haƙuri, wanda da wannan binciken zai kammala karatun zama babban likita. A can kuma wata Baturiya ce, muna ce mata Farfesa, ba mu taɓa ganinta ba sai muryarta a waya. Tsarin shi ne, rabin gidajen gari a ba su sabon gishirin, rabi a ba su na kullum, duk a farin buhu iri ɗaya, ba abin da ya bambanta su sai lamba. Bayan shekara a gwada jinin waɗannan da na waɗancan.

Ni na zaɓi garin. Wani ƙauye ne gaba da Damri, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu ina cin tuwo a can. Dangin mahaifiyata ne. Na bugi ƙirji na ce wa Dakta, "Mutanen nan kansu a haɗe yake, in sun ce to, to ne."

Ranar bayani aka tara mata a gidan mai gari. A gaba akwai Inna Ige, mai tuwon sayarwa a bakin kasuwa, wadda ba a suna ba a biki a garin sai da ita. Na yi bayani dalla-dalla, cewa ƙuri'a ce za ta raba, ba zaɓe ba son kai, kuma wanda ba ya so ba dole. Na ce kada a ba maƙwabci, kada a sayar, kada a yi abincin sayarwa da shi. Na ce masu ciwon ƙoda ba za su shiga ba, don sabon gishirin na iya cutar da su.

Inna Ige ta ce, "Kulu, wane buhu ne mai maganin?"

Na ce, "Inna, ban sani ba."

"Likitan hwa?"

"Shi ma bai sani ba."

"To wa ya sani?"

"Kwamfuta, a can ƙasar Turawa."

Ta jinjina kai ta ce, "Allah shi kyauta." Ta miƙo yatsa ta dangwala, sauran mata suka bi.

Watannin farko matsalata ɗaya ce, Malam Jaɓɓi, wani Bafillace da ke zaune a bayan gari. Gishirin wata guda, shi a kwana shida yake ƙarar da nasa. Na je rugarsa na ce, "Malam, ku nawa ne kuke cin gishirin nan?" Ya fara ƙirgawa da yatsu, ya ambaci kansa da matarsa da 'ya'yansa, sannan ya ci gaba da wasu sunaye da ban taɓa ji ba, har yatsun suka ƙare ya sake zagayowa. Na ce su wane ne waɗannan. Ya nuna mini garke da sanda. Ya ce ai ni na ce na 'yan gida ne. Jininsa na nan inda yake, amma shanun sai sheƙi suke yi. Na rubuta rahoto, Dakta ya yi dariya har da hawaye, muka ce in dai wannan ce matsalar, mun gode Allah.

A wata na bakwai Farfesa ta aiko da saƙo. Ta ce masu lissafinsu sun duba sakamakon fitsarin da muke aikawa, sun ga na ɓangarorin biyu iri ɗaya ne sak, kamar mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya. Ta ce a duba ko injin ɗakin gwaji ne ya lalace. Aka kwance injin aka ɗaura, lafiyarsa lau. Aka zargi masu cika buhu a birni, aka ga ba su da laifi. Ni kuwa ina ta rantsuwa a kan mutanena.

Ranar rabon wata na takwas, mun gama mun kama hanya har mun kusa Bakura, na tuna na bar sikeli a gidan mai gari. Direba ya juya. Muka shigo gari wajen la'asar, na ga ba mace ko ɗaya a ƙofar gida, ba ƙarar daka. Na bi hayaniya har gidan Inna Ige.

An shimfiɗa babbar leda a tsakar gida, irin wadda ake shanya barkono. Gishirin garin kaf yana kanta, tsibi guda fari fat. Mata biyu na juya shi da ƙwarya kamar masu haɗa taki. Sauran sun yi layi, kowace riƙe da buhunta mai lamba, Inna Ige na zaune a kan kujera 'yar tsuguno da kwanon awo a hannu.

Ta ɗago ta gan ni. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "A'a, Kulu, kin dawo? Zo riƙe mini bakin buhun ga."

Na ce, "Inna, me nake gani haka?"

"Gyara muke yi."

"Tun yaushe?"

"Tun wata na biyu. Na hwarko ne munka yi ɗanɗane."

Ashe kwamfutar ƙasar Turawa ba ita kaɗai ta sani ba. Inna Ige ta bi gida gida ta lasa, ta gane ɗaya yana da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Shekara talatin tana miyar sayarwa, ba a yi buhun da zai ɓoye mata gishiri ba. Ta ce da suka gane, sai suka ga abin ba daɗi. Gida biyu katanga ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wannan na cin magani wancan na cin gishirin banza. Shi ne suka yanke a haɗa, kowa ya samu rabi.

Na ce, "Ba na ce kada a ba maƙwabci ba?"

Ta ce, "Wa anka ba? Kowa da buhunsa yake zuwa, da buhunsa yake komawa. Lambarki ko ɗaya ba mu taɓa ba."

Sai na hango wasu ƙananan ƙullin leda guda huɗu a gefe. Na tambaya. Ta ce na waɗanda na hana ne, su Baba Gado, bayin Allah an bar su ba ko ƙwaya, ai ba a yi haka ba.

Baba Gado na cikin masu ciwon ƙoda. Wata shida ke nan yana cin abin da aka ce zai iya cutar da shi.

Nan wasa ya ƙare. Zan faɗa muku gaskiya, da ba don ƙullin nan huɗu ba, ban san tsawon lokacin da zan ɗauka ina juya maganar ba, don ni na kawo garin, ni na yi rantsuwa, kuma karatun Dakta na rataye a kan buhunan nan. Amma da mai ciwon ƙoda ba a jira. Na kwashe ƙullin na zuba a jakata, na hau tudun bayan makaranta inda waya ke kamawa, na kira Dakta. Na gama bayani, shiru. Na ɗauka layin ne ya yanke. Can na ji ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan leda?" Na ce a kan leda. Ya ce kada kowa ya sake taɓa gishirin, gobe da sassafe yana tafe.

Ya zo, aka ɗebi jinin mutum huɗun nan. Uku lafiya lau. Baba Gado aka tafi da shi birni aka kwantar kwana uku ana lura da shi, Allah ya tsare, ya dawo da ƙafarsa. Har ya rasu bayan shekaru, labarin da ya fi so ya bayar shi ne na gadon asibitin koyarwa mai tashi da kansa in an murɗa.

Wannan ita ce muguwar shekarata a aikin nan. Kwamitin da ke sa ido a kan bincike ya tsayar da komai. Fitsarin wata bakwai, wanda na yi ta dako a kula cikin rana, ya tashi a banza. Karatun Dakta ya koma baya da shekara guda da wani abu. Aka kira ni gaban kwamiti, manyan farfesoshi jere a dogon tebur, ɗaya ya sauke tabarau ya ce, "Malama, ba ki gaya musu kada su ba juna ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na gaya musu. Sun ce ba bayarwa suka yi ba, haɗawa suka yi." Wani a ƙarshen tebur ya yi tari ya rufe baki da takarda. Aka mayar da ni ɗakin rigakafi na watanni, ina ɗiga wa jarirai magani, abokan aiki na kirana Kulu Gishiri.

Mun ɗauka Turawan za su tattara nasu ya nasu. Sai ga saƙo wai Farfesa da kanta za ta zo, kuma tana son ganin matar da ta ɓata mata aiki. Aka nemo ni don tafinta.

Doguwa ce siririya, ta girmi yadda muryarta take. Ta cire takalmi a ƙofar ɗakin Inna Ige ba tare da an ce mata ba, ta zauna a tabarma da ƙyar. Na sa ta yi gaisuwa yadda Sista Tumba ta koya mini, har ta tambayi lafiyar awaki. Sannan Inna Ige ta ce in tambaye ta tana da 'ya'ya. Ta ce biyu.

"To, in su biyun ba su da lahiya, ɗaya take ba magani ta zauna tana kallon ɗayan?"

Na fassara. Farfesa ta ce a'a. Amma ta ce wannan gishirin ba a tabbatar yana taimakon mutanen nan ba tukuna, abin da ake nema a sani ke nan. In an haɗa, ba wanda zai taɓa sani, ko a nan ko a wani gari.

Inna Ige ta ce, "Ashe ba ku sani ba kunka ba mu?"

Na so in sassauta wannan a fassara, Farfesa ta ce in faɗa yadda aka faɗa. Na faɗa. Ta ce haka ne, kuma shi ya sa aka nemi izininsu tun farko, shi ya sa ake auna su kowane wata.

Inna Ige ta yi ɗan tunani. Ta ce ita ta gane, ko mai tuwo ba ta canza daddawa a tukunya duka sai ta gwada a 'yar ƙarama. Amma ta ce wanda ya zauna ya tsara a raba gishiri iri biyu a gari ɗaya, bai taɓa zama gidan yawa ba. A garin nan gishiri ba ya kwana inda aka ajiye shi. In miyarki ta yi salam, hannu kike miƙawa ta kan katanga. In suna son aikinsu ya yi kyau, su ba gari guda iri ɗaya, su tafi can wani gari mai nisa su ba su ɗayan.

Farfesa ta juya ta kalli Dakta, wanda ya rako ta. Dakta ya kalli ƙasa. Ta zaro littafi ta rubuta.

Haka aka sake tsarin, gari gari maimakon gida gida. Aka dawo da ni, aka ba ni aikin da ba ya cikin kowace takarda: in nemo garuruwan da ba sa cin kasuwa ɗaya kuma ba auratayya tsakaninsu. Wata biyu ina yawo daga Morai zuwa ƙauyukan Maradun ina tambayar wa ya auri 'yar wa, har aka fara kawo mini hotunan 'yan mata, an ɗauka dalilin aure nake yi. Garin Inna Ige ya sake shiga, ita kuma aka sa ta cikin masu sa ido. Ba a taɓa yin ɗan sanda irinta ba. Ta san adadin cokalin gishirin kowane gida, kuma gidajen masu ciwon ƙoda ita da kanta take kai musu na kasuwa don kada su yi sha'awar na maƙwabta.

Ranar rabo na uku na ce wa direba ya tafi ya dawo da yamma, na zauna a gidanta ina taya ta gyaran kuɓewa, ina kuma kasa kunne. Ba leda, ba layi. Muna nan sai ga sallama, ɗiyarta Hassi ta shigo da goyo a baya da kaya a ka. Ni na san Hassi a Damri take aure. Ashe da rani mijinta ya koma garinsu ta wajen Maradun, kuma garin na cikin garuruwan bincikenmu. Ta sauke kaya, ta fara fito da tsaraba: ƙuli-ƙuli, daddawa, sai ga farin buhu mai lamba.

Ta ce, "Inna, ga irin wanda likitoci ke ba mu can, na ce bari in ɗebo miki."

Inna Ige ta kalli buhun, ta kalle ni, ta kalli ɗiyarta.

Ta ce, "Hassi, ɗaure shi. Yadda kika zo da shi haka za ki koma da shi. Wanga ba gishirin tsaraba ba ne, na bincike ne. Ke ba a yi muku bayani ba?"

Hassi ta fara ɗaurewa. Har ta kusa gamawa, Inna Ige ta ce, "Dakata." Ta lashi ɗan yatsanta, ta tsoma a buhun, ta kai baki. Ta lumshe ido tana juya harshe. Sannan ta buɗe ido ta yi wani murmushi.

Na toshe kunnuwana da hannu biyu na ce, "Inna, don girman Allah kada ki gaya mini."

Ta ce, "Ni na ce miki wani abu?"

Da yamma na buɗe littafin rahoto, a wurin da ake rubuta duk abin da ya saɓa tsari, na rubuta sunan gari da lambar gida, sannan na rubuta: yatsa ɗaya. Bayan mako biyu amsa ta zo daga Farfesa ta hannun Dakta, layi ɗaya tak. Wai tana gaida Inna, kuma tana roƙon a tabbatar mata ba a sake tsoma shi ba.